Idan Cikinki Ba Ya Karɓar Madara, Me Za Ki Sha?

   

Yau zancenmu a kan madara yake da nonon shanu. Ni'ima ce babba daga Ubangiji, kuma da wuya ki sami gidan Bahaushe da ba a dama fura ko a haɗa shayi. To amma akwai mata da yawa, da yara, da tsofaffi, waɗanda da zarar sun sha sai ciki ya ɗauki ƙugi, ya kumbura, iska ta cika shi, wani lokaci har da murɗa da gudawa. Wata sai ta ce shawara ce, wata ta ce basir ne, wata ma ta fara zargin kishiya ta sa mata wani abu a ƙwarya. Alhali kuwa sau da yawa ba kowa ba ne, madarar ce kawai cikin bai iya narkarwa ba. Saboda haka ki gyara zama, 'yar uwa, mu bi maganar daki-daki.

A cikin madara akwai wani irin sukari da Allah ya halitta a cikinta, likitoci suna kiran sa laktos. Kofi ɗaya na madarar shanu yana ɗauke da wajen giram 12 na wannan sukari. Kafin jiki ya amfana da shi, sai wani sinadari da ke cikin ƙaramin hanji, mai suna laktes, ya farfasa shi. Jariri yana da wannan sinadari isasshe, don da nono yake rayuwa. Amma bayan yaye sai ya riƙa raguwa a jikin yawancin mutane. Kusan kashi biyu cikin uku na manyan mutanen duniya haka suke. To idan sinadarin ya yi kaɗan, sai sukarin ya wuce babban hanji bai narke ba, ƙwayoyin halittar da ke can su yi ta cin sa suna fitar da iska, shi kuma yana jawo ruwa cikin hanjin. Kin ji inda kumburi da gudawar suka samo asali. Yawanci abin yakan taso ne tsakanin rabin sa'a zuwa sa'a biyu bayan an sha.

Kila ki ce, to ina Fulani da suke shan madara safe da yamma? Ai gado ne. Mutanen da kakanninsu suka daɗe suna kiwo, kamar Fulani da Buzaye, da yawansu sinadarin nan ba ya raguwa a jikinsu har tsufa. Don haka kada ki ga maƙwabciyarki tana shan kofi biyu lafiya lau, ki ɗauka ke ce mai ciwo. Ba ciwo ba ne, halitta ce.

Sai dai fa ki bambance wannan da wata matsala ta biyu wadda ta fi ta hatsari, kuma ta fi kama ƙananan yara. Ita ce jikin yaro ya ƙi furotin ɗin madarar shanu gaba ɗaya, ya riƙa yaƙar sa kamar wata cuta ce ta shigo. Alamunta su ne ƙuraje masu ƙaiƙayi ko borin jini, kumburin leɓe da fatar ido, yawan amai, ko ganin jini a kashin yaro. Idan kuwa kika ga numfashinsa yana sarƙewa, ko ya yi laushi bayan ya sha, to ba lokacin jiƙe-jiƙe ba ne. A nufi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne. Yana da kyau tun yanzu ki zauna da maigida ku yi magana, ya ba ki izinin fita a irin wannan hali ko ba ya gida, don Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Yaro mai wannan matsala ko ɗan kaɗan bai kamata ya taɓa ba. Kuma kada a ce za a musanya masa da madarar akuya ko ta tunkiya, don furotin ɗinsu kusan iri ɗaya ne da na saniya. Wasu daga cikin irin waɗannan yara ma waken suya ba ya karɓar su, shi ya sa likita ne zai faɗi abin da za a ba su.

Ke babba kuwa, mai fama da kumburin ciki kawai, ga yadda za ki gane ko madara ce. Ki bar ta kwata-kwata har mako biyu: ba madarar gari, ba ta gwangwani, ba nono. Ki lura da cikinki. Bayan nan ki sha kofi guda ki gani. Idan da kin samu sauƙi, yanzu kuma abin ya dawo, to kin kama ɓarawon. Idan kuwa babu abin da ya canja, ko kuma kina rama, ko kina ganin jini, to ba madara ba ce, ki je a duba ki.

Ko da kin gano ita ce, ba lallai ne ki yi sallama da ita har abada ba. Da yawa sukan iya shan kaɗan, musamman tare da abinci. Kindirmo da nono mai tsami sun fi sauƙi a ciki, saboda lokacin da suke kwana ƙwayoyin da ke tsamar da su sun riga sun cinye wani kashi na sukarin. Man shanu kuwa sukarin da ke cikinsa kaɗan ne ƙwarai. Amma idan kin gwada duk wannan cikin bai yarda ba, ko likita ya hana, sai mu koma ga abin da gonakinmu suke ba mu.

Na farko kuma mafi kusa da madarar shanu wajen gina jiki ita ce madarar waken suya. Furotin ɗinta ya kusa kamo na madarar shanu, kuma babu laktos a cikinta ko kaɗan. Ana noman waken nan sosai a jihohin Binuwai da Kaduna, kuma tun shekarun 1980 cibiyar binciken aikin gona ta IITA da ke Ibadan ta yi ƙoƙari wajen koya wa mata sarrafa shi. Yau ga shi babu unguwar da ba a suyar awara.

Ga yadda za ki yi. Ki auni wake kofi ɗaya, ki tsince tsakuwa da ruɓaɓɓu. Ki jiƙa shi ya kwana, wato sa'a 8 zuwa 10, amma lokacin zafi ki rage, kada ya yi tsami. Da safe ki zubar da ruwan, ki murje shi da hannu ɓawon ya fita, ki ɗauraye. Ki aiki yaro ya kai inji, ki ja masa kunne a wanke injin tukuna, kada a niƙa miki a kan barkono. Idan an kawo, ki ƙara ruwa har ya zama kofi bakwai ko takwas gaba ɗaya, ki tace da kyalle mai tsabta. Sai ki ɗora a wuta. To nan ne wurin da za ki buɗe kunne: ɗanyen waken suya yana da wani abu da ke hana ciki narkar da abinci, kuma wuta ce kaɗai ke kashe shi. Don haka bayan ya tafasa ki bar shi yana dahuwa minti 20, kina juyawa, kina tsaye a kansa, don yana da kumfa kuma yana saurin zubewa. Ki jefa 'yar citta ko kanumfari don ƙamshi, su ne ke kore gafin waken. Dusar da ta rage kuma kada ki zubar. Ki zuba a ƙullun ƙosai ko garin tuwo, ko ki ba awakinki.

Na biyu kunun aya. Ki jiƙa busasshiyar aya ta kwana, ki wanke ta sosai don tana riƙe ƙasa, ki haɗa da dabino da kwakwa da citta a niƙa, ki tace. Yana da daɗi da sanyaya rai, ga zaƙinsa na kansa ba sai kin zuba sukari ba. Amma ki sani furotin ɗinsa kaɗan ne, bai kai na waken suya ba. Sannan tunda ba a dafa shi, ruwan da za ki yi amfani da shi ya zama tafasasshe ne da ya huce. Kuma ba ya jimiri. Idan babu firiji ko ƙanƙara, a ranar za a shanye, da kin ji ya fara tsami ko yauƙi ki zubar, kada ki ce asara.

Na uku gyaɗa. Iyayenmu sun daɗe suna yin kunun gyaɗa da shinkafa ko da gasara da ɗan ruwan tsamiya, kuma abinci ne mai riƙe ciki da gina jiki, ga mai jego ga mai azumi. Abin kiyayewa shi ne gyaɗar da ta yi fumfuna, ko ta yanƙwane, ko take ɗaci. Irin wannan tana ɗauke da guba mai lahani ga hanta, kuma dafuwa ba ta kashe ta. Ki tsince ta ɗaya bayan ɗaya. Ita kuma madarar kwakwa maiƙo ne ya fi yawa a cikinta, ta fi dacewa da girki da ƙara wa kunu garɗi.

A manyan kantuna akwai na kwali da ake yi da waken suya, ko almon, ko hatsin ots. Suna da tsada, kuma ban da ta waken suya yawancinsu furotin ɗinsu bai taka kara ya karya ba. Idan maigida zai sayo, ki ce ya duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, ya zaɓi wadda aka ƙara wa kalsiyam, marar sukari. Ki girgiza kwalin kafin ki zuba, don kalsiyam ɗin yakan kwanta a ƙasa. Wani abin kuma, akwai madarar gari ta 'yan ƙulle-ƙulle da ake cire mata man shanu a sa man itatuwa. Kada wannan ya ruɗe ki, har yanzu madarar shanu ce, laktos ɗinta yana nan. Haka nan akan sa madara a biskit da alewar madara da garin shayi mai cakulan da wasu burodi. Idan ba ki karatun boko, ki ba ɗanki ɗan makaranta ya karanta miki abin da aka rubuta a jiki.

Yanzu ga babbar magana, kada a gudu gara a faɗa gidan zago. Madarar shanu tana ba jiki kalsiyam, wato sinadarin da ke gina ƙashi da haƙori. Babban mutum yana bukatar wajen miligiram 1,000 a rana, kofi ɗaya na madara kuma yana ba da kusan 300. Madarar waken suya da kika yi a gida ba ta kai rubu'in haka ba, kunun aya ma haka. To idan kin bar madara, dole ki cike wannan gurbi. Ki yawaita zogale da miyar kuka da alayyahu da rama. Ki riƙa amfani da riɗi da tamba da wake. Ƙananan busassun kifi kuma ki daka su da ƙayarsu ki zuba a miya, don a ƙayar kalsiyam ɗin yake. Ba ƙaramin abu ba ne wannan. Binciken da likitoci suka yi a Jos, wanda aka buga a 1999, ya nuna cewa yara masu lanƙwasar ƙafafu, irin gwame da ƙafar baka, ƙarancin kalsiyam a abinci ne babban abin da ya jawo musu, kuma da aka ba su shi ƙasusuwansu suka warke.

Kalsiyam kuma ba ya shiga jiki sosai sai da bitamin D, wanda fatarmu ke samarwa idan rana ta taɓa ta. Mu da muke cikin gida wannan ya shafe mu kai tsaye. Ba sai kin fita waje ba, tsakar gidanki ta ishe ki. Ki fito da tsintar shinkafarki ko wankinki inda rana take, hannuwa da ƙafafu a buɗe, na ɗan lokaci kullum, yara ma su yi wasa a fili. Ranar da ta ratso gilashin taga ba ta wannan aiki. Sai bitamin B12 mai taimakon jini da jijiyoyi, wanda babu shi a waken suya ko aya ko gyaɗa. Shi kuma za ki same shi a ƙwai da kifi da nama da hanta. Mai ciki da mai shayarwa su fi kowa kula da wannan, kuma su faɗa wa ma'aikaciyar awo cewa sun bar madara.

Na bar maganar jarirai a ƙarshe don ta zauna miki a rai. Duk abin nan da na lissafa, babu ɗaya da zai maye gurbin nonon uwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ba jariri nonon uwa zalla har wata 6, sannan a haɗa da abinci a ci gaba da shayarwa har shekara 2 ko fiye. Kada ki ɗura wa jariri madarar waken suya ta gida, ko kunun aya, ko ruwan shinkafa a matsayin nono. Cikinsa zai cika amma jikinsa yana yunwa, daga nan sai tamowa, ki ga ƙafafu sun kumbura gashi ya yi ja. Idan uwa ta rasu ko nono ya ƙi zuwa, asibiti za a je a nemi shawara. Bayan wata 6 kina iya zuba dafaffiyar madarar waken suya ko garin gyaɗa a kununsa, ki fara da kaɗan kina lura da jikinsa, nono kuma yana nan bai daina ba. Haka kuma yaron da ya yi fama da gudawa mai tsanani, wani lokaci madarar shanu takan dame shi na 'yan makonni kafin hanjinsa ya warke. Wannan mai wucewa ne, kuma ba dalilin cire shi daga nono ba ne.

Ita kuwa fura, kada ki ce kun rabu. Ki dama ta da madarar waken suya mai sanyi, ki ɗiga ɗan ruwan tsamiya ko ki zuba garin 'ya'yan kuka don ta yi tsami-tsami, ko ki dama da kunun aya. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Idan kuma surukarki ce ko wata baƙuwa ta ce ba ta shan nono, kada ki ɗauka raini ne, ki kawo mata abin da cikinta zai karɓa.

To 'yan uwa, a nan za mu dasa aya. Wadda ta ji ta faɗa wa wadda ba ta ji ba. Allah ya ba mu lafiya mai amfani, ya raya mana zuriya, ya hore wa mazajenmu abin da za su riƙe mu da shi. Sai Allah ya sake sada mu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.