Neman shiga babbar makarantar koyon gudanar da otel: misalin Lozan

0. Gabatarwa

A cikin wannan ƴar maƙala za mu yi ƙoƙarin bayyana yadda ake tace masu neman shiga manyan makarantun koyon gudanar da otel, waɗanda masu nema suka fi gurabensu yawa. Mun ɗauki École hôtelière de Lausanne, watau EHL ta ƙasar Suwis, a matsayin misali, don ita ce mafi daɗewa a wannan fanni, kuma tsarinta ya fi fito da dalilan da ke bayan sharuɗɗan zaɓe. Batun ya shafe mu ta fuska biyu. Ta farko, tun lokacin da aka buɗe otel-otel irin su Radisson Blu da Noom da Bravia a Yamai a shekarar 2019, albarkacin taron ƙolin Tarayyar Afirka, tambayar wanda zai riƙe irin waɗannan gidaje ta zama tambaya ta gaske. Ta biyu, mu malamai mu ne ɗalibai ke zo wa don neman shawara a kan dosiyensu, alhali mafi yawanmu a cikin al'adar konkur muka tashi, inda maki kaɗai ke raba gardama. Abin da muke son nunawa shi ne, a wannan fanni maki ƙofa ce ta farko kawai.

1. Tushen tsarin

An kafa makarantar Lozan a shekarar 1893 bisa jagorancin Jacques Tschumi, da goyon bayan ƙungiyar masu otel ta ƙasar Suwis. Ɗalibai 27 na farko a cikin wani otel da ke aiki suka yi karatunsu, watau Hôtel d'Angleterre da ke unguwar Ouchy a bakin tafkin Leman. Ke nan masu sana'a ne suka kafa ta don biyan buƙatar sana'arsu. A shekarar 1975 ta ƙaura zuwa Chalet-à-Gobet a arewacin birnin, a 1998 kuma ta shiga cikin HES-SO, gamayyar manyan makarantun ilimin aiki na yammacin Suwis. Wannan shiga ita ta sa takardar da makarantar ke bayarwa ta zama digiri wanda hukuma ta amince da shi, daidai da lisansi a tsarin LMD da muka sani, mai kiredi 180.

A nan ne wani muhimmin sharaɗi ya samo asali. Dokar Suwis ta tanadi cewa wanda ya fito daga lise ta ilimi gama-gari ba ya shiga irin waɗannan makarantu sai ya yi shekara guda yana aiki a fannin da yake son karantawa. EHL ta shigar da wannan shekara cikin tsarinta, ta mai da ita shekarar share fage. Shi ya sa karatun ke ɗaukar shekara 4 maimakon 3. A rabin farko na wannan shekara ɗalibi yana zagaya sassan otel ɗaya bayan ɗaya: kicin, gashin burodi da kek, kai abinci tebur, wankin kwanoni, gyaran ɗakunan kwana, da tarbar baƙi a ƙofa. A rabi na biyu sai ya tafi sitaj na kimanin wata 6 a wani otel ko gidan abinci, a matsayin ƙaramin ma'aikaci. Sai bayan haka ne ake shiga darussan lissafin kuɗi, da tattalin arziki, da tallar haja, da dokoki, da sha'anin ma'aikata, tare da sitaj na biyu a ɓangaren gudanarwa.

Ba Suwis kaɗai ke da wannan ra'ayi ba. Makarantar otel ta Jami'ar Cornell a Amurka, wadda aka buɗe a 1922 ƙarƙashin Howard Meek, tana da otel nata a cikin harabar jami'a, mai suna Statler, kuma ta daɗe tana sharɗanta wa ɗalibanta ɗaruruwan sa'o'i na aikin hannu kafin ta ba su digiri.

2. Abin da masu zaɓe ke aunawa

Idan aka fahimci wannan tsari, sharuɗɗan shiga sai su daina zama abin mamaki. Makarantar da za ta sa matashi mai bakaloriya ya tsaya da ƙafafunsa tun asuba yana goge kofuna, sannan bayan shekara biyu ta sa shi ya tsara kasafin kuɗin otel, dole ta auna abu biyu tare: kai da hali.

Mataki na farko shi ne dosiye, wanda ake cikawa ta intanet. Ya ƙunshi takardun makin shekarun ƙarshe na lise, da shaidar bakaloriya ko ta cewa ana shirin zana ta, da taƙaitaccen tarihin mai nema, da bayanin dalilinsa na zaɓen fannin, da kuma shaidar ƙwarewa a harshe. A nan ya kamata a lura da matsayin Ingilishi. Ko da yake Lozan gari ne na masu Faransanci, sana'ar otel ta duniya da Ingilishi take tafiya, kuma jarrabawa irin su TOEFL da IELTS su ne ma'aunin da aka saba karɓa. Ɗalibin da ya fito daga lise a Maraɗi ko Damagaram da maki mai kyau a darasin Ingilishi bai kamata ya ɗauka ya gama ba, don waɗannan jarrabawa suna auna saurare da magana, abubuwan da aji mai cunkoso ba kasafai yake horar da su ba.

Mataki na biyu na waɗanda dosiyensu ya tsallake ne. Ana gwada basirarsu a kan lissafi da nazarin bayanai, ana ganawa da kowa shi kaɗai, kuma akan haɗa su cikin ƙaramin rukuni a ba su wata matsala su warware tare, masu zaɓe na kallo. Wannan gwaji na rukuni shi ya fi rikita wanda ya saba da konkur. A konkur, na kusa da kai abokin hamayya ne. A nan kuwa, wanda ya danne kowa da surutu ya faɗi, wanda ya yi gum shi ma ya faɗi. Abin da ake dubawa shi ne ko mutum yana saurare, ko yana iya janyo wanda aka bari baya cikin magana, ko yana iya sauka daga ra'ayinsa idan aka kawo wanda ya fi shi, domin haka aikin kicin da na tarbar baƙi yake gudana.

3. Inda ɗalibanmu ke tuntuɓe

Kuskure mafi yawa a cikin bayanin dalili yake fitowa. Ɗalibi kan cika shafi da cewa mutanenmu masu karamci ne, baƙonka annabinka, don haka shi da wannan sana'a aka haife shi. Maganar ba ƙarya ba ce, kuma tarihin fatauci ya san matsayin mai masauki a zango, wanda ke ba fatake wurin kwana, ya adana kayansu, ya tsaya musu wajen ciniki. Amma mai karanta dosiye shaida yake nema a kan mutum ɗaya. Wata biyu na hutu da aka yi ana aiki a gidan abinci, ko ɗawainiyar ciyar da baƙi 300 a wani biki tare da lissafin abin da aka kashe, sun fi shafi goma na yabon al'ada nauyi, muddin an faɗi abin da aka yi, da wahalar da aka gamu da ita, da abin da aka koya.

Akwai kuma wata matsala da ba a cika faɗa ba. A wurare da dama iyalin da ke da halin tura ɗansu Turai su ne za su ga ƙasƙanci ne a ce ɗan nan yana gyara gadon wani ko yana kai masa abinci. Gara a yi wannan magana a gida tun kafin a cika dosiye. Haka nan maganar giya da naman alade, waɗanda ke cikin darussan kicin da na tebur a Turai: ɗalibi Musulmi ya tambayi makaranta a rubuce yadda take bi da wannan, ya yanke shawara da saninsa.

Na ƙarshe shi ne kuɗi da lokaci. Kuɗin makarantar ga wanda ba ɗan ƙasa ba yana da nauyi ƙwarai, kuma hukumomin Suwis ba su ba da bizar karatu sai an nuna shaidar abin da ɗalibi zai rayu da shi. Wanda ya zo daga wajen Tarayyar Turai ba a ba shi izinin aikin neman kuɗi sai ya cika wata 6 a ƙasar, kuma ko a sannan bai wuce sa'o'i 15 a mako lokacin karatu. Saboda haka dogaro da aikin gefe don biyan makaranta lissafi ne da ba ya fita. Neman tallafi, da jarrabawar harshe, da tabbatar da takardu, duk sai an fara su shekara guda kafin lokacin shiga.

4. Kammalawa

Mun ga cewa sharuɗɗan shiga sun biyo bayan tsarin karatun ne, shi kuma tsarin ya biyo bayan ra'ayin cewa ba a shugabantar aikin da ba a taɓa yi da hannu ba. Abin da wannan ke nufi gare mu shi ne, shawarar da ta fi amfani ga ɗalibin da ke da wannan buri ita ce a tura shi ya yi aiki tun yana ajin ƙarshe na lise ko kafin haka, kuma a sa shi ya riƙa rubuta abin da ya gani. Idan aka nemi mu ba da shaida a kansa, mu faɗi yadda yake aiki da ƴan'uwansa da yadda yake cika alkawari, tunda makinsa yana nan cikin dosiye. Sassan koyar da yawon buɗe ido da gudanar da otel na jami'o'inmu su ma suna iya duba wace daraja suke ba sitaj a cikin ma'aunin da suke tace ɗalibai da shi.