Kafin Ka Ce Rediyon Tsohuwar Mota Ya Mutu

Wanda ya saba da motocin zamani, idan ya shiga Chevrolet ko Mercedes ta shekarun 1950 ya murɗa makunnin rediyo, zai ɗauka rediyon ya daɗe da mutuwa. Fitilar fuskarsa za ta kama, wani siririn gunji ya taso daga bayan dashbod, amma babu murya, babu kiɗa. Sai an yi kusan rabin minti sannan sauti zai fara lallaɓowa. Ba lalacewa ba ce. Cikin akwatin akwai 'yan kwalaben gilashi da ake kira bawul, kuma ba sa aiki sai waya da ke cikinsu ta yi ja.

Da yawa daga cikin irin waɗannan rediyo da ake cirewa a jefa kwandon kayan gwangwan lafiyarsu ƙalau. Abin da aka manta shi ne ba a ƙera su don su tsaya su kaɗai ba. Batirin motar, da eriyarta, da ƙarfen jikinta, har da filogin injinta, duk suna cikin lissafin. Idan ɗaya ya sauya, rediyon zai yi shiru ko ya cika da ƙara, sai a ɗora masa laifin da ba nasa ba.

Yadda rediyo ya shiga mota

A shekarar 1930 wani ƙaramin kamfani a Chicago, na Paul Galvin da ɗan'uwansa Joseph, ya fitar da rediyon Motorola, wanda ya zama na farko da ya samu kasuwa sosai. Galvin ya ɗaura shi a motarsa ƙirar Studebaker ya tuƙa zuwa taron masu ƙera rediyo a Atlantic City, ya riƙa kunna wa mutane. Kuɗinsa ya haura dala 100, a lokacin da ake samun sabuwar Ford a kan dala 500 da 'yan kai. A Jamus, Blaupunkt ya fito da nasa a 1932, a kan mak 465. Kamfanin ne kuma ya kawo zangon FM cikin mota a 1952. Shekara ɗaya bayan haka Becker ya fitar da ƙirar Mexico, mai neman tasha da kansa. A 1955 Chrysler da Philco suka sanar da rediyon mota mai taransista zalla, ba bawul ko ɗaya, sai dai an ɗauki wasu shekaru kafin sauran kamfanoni su bi sahu.

Saboda haka idan aka ce tsohon rediyon mota, iri uku ake nufi: mai bawul zalla, da mai haɗin bawul da taransista na ƙarshen shekarun 1950 da farkon 1960, da mai taransista zalla. Na ukun ne aka fi gani a tsofaffin Peugeot 404 da 504 da Volkswagen da suka cika titunan Nijeriya, musamman bayan an buɗe masana'antar haɗa Peugeot a Kaduna a 1975.

Gunjin da ke bayan dashbod

Bawul yana buƙatar wuta mai ƙarfin bolt 200 zuwa 250, alhali batirin mota na wancan zamani bolt 6 ko 12 kawai yake bayarwa. Taransifoma na iya ɗaga ƙarfin wuta, amma ba ta aiki da wutar batir mai tafiya miƙe, sai wadda ke yankewa tana dawowa. Maganin da aka samo shi ne baibireta: ɗan gwangwanin ƙarfe, a cikinsa akwai siririn falle da ke kaɗawa sau ɗari da 'yan kai a daƙiƙa guda, yana haɗa wuta yana yankewa. Kaɗawar nan ita ce gunjin da ake ji. Idan an kunna rediyo fitila ta kama amma babu gunjin, baibireta ake fara tuhuma, domin bakinsa kan ƙone ko ya manne. Idan za a sauya shi, a sauya kwandensar da ke kare shi, in ba haka ba sabon ma ba zai yi ƙarko ba.

Rediyon bawul maci wuta ne. Yana iya jan amfiya 6 zuwa 8, don haka wanda ya kashe inji ya zauna jin labarai na tsawon lokaci yana iya tashi ya tarar sai an tura motar. Kuma cikinsa ba wurin sa yatsa ba ne: kwandensa na iya riƙe wuta ko bayan an kashe.

Tambayoyi biyu kafin a jona waya

Ta farko: bolt nawa? Motocin Amurka sun koma bolt 12 a tsakiyar shekarun 1950, Volkswagen Beetle kuwa ta zauna a kan bolt 6 har wajen 1967. Rediyon bolt 6 da aka jona wa 12 zai ƙone nan take.

Ta biyu: wane kan batir ne aka ɗaure a jikin mota? A yau kan da ke da alamar ɗebewa ne, kuma duk mai rewaya ya ɗauki haka a matsayin doka. Amma Ford har zuwa 1955, da motocin Ingila da yawa har tsakiyar shekarun 1960, kan mai alamar tarawa suke ɗaurewa a jiki. Taransistocin farko ba sa yafe wannan kuskure. Yawancin rediyon Jamus na lokacin suna da ɗan filogi ko makunni a jikinsu da ake juyawa don zaɓar bolt da kan batir, sai a duba shi da ido kafin a ba da wuta. Kada kuma a kunna rediyo ba lasifika a jone, domin taransistar da ke fitar da sauti na iya ƙonewa.

Karanta fuskar rediyo

Galibi ƙulli biyu ne. Na hagu shi ne makunni da ƙara sauti, zoben da ke bayansa kuma na kaurin murya ko sirantarta. Na dama shi ke tafiyar da allura.

Lambobin fuskar a gajarce suke. A rediyon Amurka za a ga 55, 60, 70, 90, 110, 140, 160, ko makamancinsu: a ƙara sifiri, sai 60 ta zama kilohaz 600, 140 ta zama 1400. Wasu rediyon Turai da mita suke ƙirgawa. Lissafin mai sauƙi ne: a raba 300,000 da kilohaz, sai a sami mita. Tasha mai kilohaz 1000 tana kan mita 300 ke nan.

Rediyon Amurka da aka ƙera tsakanin 1953 da 1963 suna da 'yar alama mai kusurwa uku a kan 640 da 1240. Gadon yaƙin cacar baka ne. A ƙarƙashin tsarin CONELRAD, idan aka kawo hari duk tashoshi za su rufe, a bar waɗannan lambobi biyu don sanarwar gwamnati, don kada jiragen abokan gaba su bi siginar wata tasha su gano gari. Ganin alamar kaɗai na ba da hasken shekarun rediyon.

A Blaupunkt da Becker kuwa haruffa ne a kan maɓallai: L dogon zango, M matsakaicin zango, K gajeren zango, U kuma FM. Sau da yawa K ɗin mita 49 kaɗai yake ɗauka, zangon da masu sauraro a ƙasar Hausa suka sani sarai, domin a nan Rediyon Kaduna ya shekara da shekaru a kan kilohaz 6090. A lura kuma cewa FM ɗin tsofaffin rediyon Jamus kan tsaya a megahaz 100 ko 104. Tashar da ke sama da haka ba za ta shigo ba, kuma ba laifin kowa ba ne.

Abin da ƙullin dama ke motsawa

Rediyon gida na da faranta ne ke shiga juna a cikinsa idan an murɗa. A mota girgiza da ƙura ba za su bar wannan tsari ya zauna lafiya ba, sai aka koma ga wata dabara: 'yan sanduna na garin ƙarfe da ke shiga suna fita cikin naɗaɗɗun wayoyin tagulla. Yadda sandar ta nutsa, haka tashar da ake kamawa ke sauyawa. Daga nan rediyon yana haɗa siginar tashar da wata da yake ƙirƙira da kansa, ya mayar da kowace tasha lamba ɗaya tsayayya, wadda a yawancin rediyon motocin Amurka kilohaz 262 ce, sannan ya ƙara mata ƙarfi.

Wannan ne dalilin da ya sa 'yan sukurorin da ke cikin gwangwanayen rediyon ba na taɓawa ba ne. An saita su da na'urar gwaji tun daga masana'anta. Mai sukundireba da ya ga sukuru ya ce bari ya ɗaure, ƙarambanin akuya ya yi, gai da kura: rediyon zai kurmance, kuma sandunan suna fashewa da ɗan matsi kaɗan.

Saita maɓallan tasha

Maɓallai biyar ɗin da ke ƙasan fuska ba su da ƙwaƙwalwar lantarki. Kowanne na da ɗan ƙarfe a bayansa da ke tura sandunan nan zuwa wurin da aka kulle shi. Ga yadda ake yi a mafi yawansu: a bar rediyon ya yi minti goma yana aiki, domin tasha kan ɗan gusa yayin da cikinsa ke ɗumama. A kamo tashar da hannu, a wuce ta kaɗan, a dawo, har a tsaya inda murya ta fi kauri kuma shuuu ya fi raguwa. Sai a kama maɓalli a jawo shi waje har ya saki, sannan a danna shi ciki da ƙarfi har ƙarshe. Shi ke nan, ya riƙe. Ko an cire batir shekara guda, tashar na nan. A rediyon Jamus, maɓallin U tashar FM kaɗai yake riƙewa, na M kuma ta matsakaicin zango.

Idan ƙulli na juyawa allura ba ta tafiya, ko maɓalli ya ƙi jawuwa, yawanci tsohon giris ne ya bushe ya haɗu da ƙura. Wankewa yake so da ɗigon mai, ba ƙarfi ba.

Sukuru ɗaya da aka yarda ka taɓa

Eriyar da ta dace da kilohaz 1000 tsawonta mita 75 ne. Ta mota kuwa da ƙyar ta wuce mita guda. Don a cike giɓin, sai aka mayar da eriyar da igiyarta wani ɓangare na da'irar kama tasha, aka sa ɗan sukurun daidaitawa, wani lokaci kusa da ramin da eriya ke shiga, wani lokaci a ɗan rami bayan ƙullin dama. Duk sanda aka sauya eriya, ko igiyarta, ko aka ɗauko rediyo daga wata mota, sai an sake saita shi.

A zare eriya har ƙarshe, a nemo tasha mai rauni wajen 1400, a ƙara sauti, a riƙa juya sukurun kaɗan-kaɗan hagu da dama har a sami inda ta fi fitowa. Dole ta zama mai rauni, domin rediyon na da tsarin da ke rage ƙarfin tasha mai ƙarfi da kansa, wanda zai ɓoye bambancin. Aikin minti biyu ne, amma sau da yawa shi ke raba rediyo mai tasha biyu da mai tasha goma. Ga FM kuwa, eriya mai tsawon santimita 75 zuwa 80 ta fi dacewa.

A gwada matsakaicin zango da daddare. Da rana wani sashe na ƙasa-ƙasan sararin samaniya kan shanye siginar matsakaicin zango. Idan rana ta faɗi sashen ya baje, sai sigina ta haura ta dawo ƙasa a wuri mai nisan ɗaruruwan kilomita, tashoshin wasu ƙasashe su fara shigowa.

Ƙarar da ke bin totur

Idan rediyo na fita tas da inji a kashe, amma da an tayar sai ƙara, kunne kaɗai ya isa gano tushenta. Ƙas-ƙas-ƙas mai ƙara sauri idan an taka totur daga filogi da kwayil take, maganinta filogi ko wayoyin filogi masu rage tartsatsi. Kuka siriri mai hawa da sauka na dinamo ne ko altaneta, kuma kwandensa ake ɗaura masa. Idan duka biyun sun ƙi, a kwance gindin eriya a kankare tsatsa da fenti har ƙarfe ya taɓa ƙarfe, a duba wayar da ke haɗa inji da jikin mota.

Abin da lokaci ke ci tabbas shi ne kwandensoshi. Na takarda da kakin zuma suna yoyon wuta, masu ruwa a ciki suna bushewa. Rediyon da ya shekara talatin a ajiye, gara mai gyara ya sauya su kafin a ba shi wuta, ba bayan hayaƙi ya tashi ba.

Matsala ɗaya ce ba ta da magani a hannun mai gyara: tashoshin kansu na raguwa. Gidan rediyon Deutschlandfunk na Jamus ya kashe matsakaicin zangonsa a ƙarshen 2015, Norway kuma ta rufe FM na tashoshin ƙasa a 2017. Shi ya sa wasu ke ƙwaƙule cikin tsohon rediyo su cusa na zamani, su bar fuskar kawai. Akwai hanyar da ba ta kai wannan ɓarna ba: ƙaramar na'ura da ake sawa tsakanin eriya da rediyo ta shigo da FM ko sautin wayar hannu, ko kuma ramin da ke bayan yawancin Blaupunkt da Becker, wanda tun asali don jona kaset aka yi shi. Duk waɗannan ana iya cire su gobe. Cikin da aka ƙwaƙule kuwa ba masana'antar da ke ƙera irinsa yanzu, kuma masu sayen tsofaffin motoci sukan tambayi ko rediyon na asali ne kafin su yi tayi.