Tudun Rage Gudun Mota: Aikin Wane Ne?

A ƙauyuka da yawa, in mota ta kaɗe yaro, kafin gari ya waye matasa sun tara ƙasa ko sun gicciya icce a kan titi. Fushinsu yana da dalili. Amma irin wannan tudu shi ma yana kisa. Mai babur ba ya ganinsa da dare, sai dai ya ji shi a ƙasa. Mai naƙuda da aka ɗauko a mota kuwa, wahalarta ƙaruwa take yi.

Kowane titi da mai shi. Akwai na Gwamnatin Tarayya, akwai na jiha, akwai na ƙaramar hukuma. Tsarin mulki na 1999 ya ɗora wa ƙaramar hukuma kula da titunan cikin unguwa da magudanan ruwa. Saboda haka jama'a su kai kukansu ga mai unguwa da dagaci, su kuma su sanar da kansila. Daga nan sashen ayyuka zai turo ma'aikaci ya duba wurin. In babban titi ne, sai ƙaramar hukuma ta rubuta wa masu shi.

Dokar hanya ta ce kada direba ya wuce kilomita 50 a awa cikin gari. Inda yara ke tsallakawa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce 30 ya fi. Can ne tudu yake da amfani: bakin makaranta da bakin kasuwa.

Tudu mai kyau yana da faɗi, ba ya da tsini. Tsayinsa bai wuce santimita 10 ba, kamar faɗin tafin hannu. Ana shafa masa fenti, a kuma kafa allon gargaɗi tun daga nesa.