Darasin Kimiyya a Cikin Waya: Abin da Fodkas Zai Iya da Wanda Ya Fi Ƙarfinsa

Ka tare ɗalibin aji biyar na sakandare wanda ya gama haddace cewa duk abin da aka saki daga sama da ƙarin gudu iri ɗaya yake faɗowa, gudunsa yana ƙaruwa da wajen mita 10 a daƙiƙa, a kowace daƙiƙa. Ka riƙe guduma a hannu ɗaya, gashin tsuntsu a ɗaya hannun, ka tambaye shi wanne zai riga taɓa ƙasa idan babu iska a wurin. Sau da yawa zai ce guduma, kuma ko gezau ba zai yi ba. Abin da ya rubuta a littafinsa yana nan, abin da zuciyarsa ta yarda da shi ma yana nan, kowanne da ɗakinsa. A watan Agustan 1971 ɗan sama-jannatin Amurka David Scott ya tsaya a kan wata, inda babu iska, ya saki guduma da gashin shaho a lokaci guda, suka dira tare. Hoton bidiyon bai kai minti biyu ba, kuma yau yana iya shiga wayar kowane malami. Wanda ya taɓa nuna wa yara shi ya san irin shirun da aji yake yi.

Wannan shi ya sa ake ta maganar shigar da fodkas cikin koyar da kimiyya. Fodkas shiri ne na murya da ake ɗorawa a intanet kashi-kashi, mutum ya sauke a wayarsa ya saurara lokacin da ya ga dama; idan aka haɗa da hoto ya zama fodkas na bidiyo. Wani ɗan jarida, Ben Hammersley, ya fara rubuta kalmar a jaridar Guardian ta Ingila a 2004, inda aka ɗauko rabinta daga sunan na'urar iPod, rabi daga kalmar Turanci ta watsa shiri. A wannan shekarar Jami'ar Duke ta Amurka ta raba wa sababbin ɗalibanta wajen 1,600 iPod don ta ga me za su yi da ita a karatu. A 2005 kamfanin Apple ya saka fodkas cikin manhajarsa ta iTunes, mujallar kimiyya ta Nature ma ta fara nata shirin a shekarar. Daga nan abin ya zama ruwan dare.

Labarin da ya fi ba ni sha'awa ba na manyan jami'o'i ba ne. Na wasu malaman ilimin sinadarai ne guda biyu, Jonathan Bergmann da Aaron Sams, a wata sakandaren ƙaramin gari mai suna Woodland Park a jihar Kolorado. Damuwarsu ƙarama ce: ɗalibansu suna yawan rasa darasi saboda doguwar tafiya zuwa wasanni a wasu makarantu, su kuma sun gaji da maimaita wa kowa abin da ya wuce shi. A 2007 suka fara naɗar darasinsu, murya da rubutun allo, suna ba yara. Waɗanda ba su da intanet a gida aka zuba musu a faifai. Sai suka lura har waɗanda ba su yi fashi ba suna kallo, suna tsayarwa, suna mayarwa baya. Daga nan suka juya tsarin baki ɗaya: bayani a gida ta bidiyo, aikin da a da ake ba yaro ya tafi da shi gida kuma a yi shi a aji, a gaban malami. Hujjarsu ita ce ɗalibi ya fi buƙatar malaminsa a daidai lokacin da lissafi ya cije masa, kuma a tsohon tsari wannan lokacin yana zuwa ne da dare, yana shi kaɗai.

A lura da wani abu da masu tallan fasaha suke tsallakewa. Bidiyon bai rage wa malaman nan aiki ba ko kaɗan. Sai da suka zauna suka koya wa yara yadda ake kallon darasi: a tsayar, a rubuta, a zo aji da tambaya. Kuma lokacin da suka samu daga daina dogon jawabi sun zuba shi ne a ɗakin gwaje-gwaje da zagayawa daga tebur zuwa tebur.

To amma akwai wani rami a nan, kuma shi ne dalilin wannan rubutu. Wani matashi mai suna Derek Muller ya yi digirinsa na uku a Jami'ar Sidni ta Ostareliya, ya kammala a 2008, a kan wannan tambaya: shin ɗalibai suna koyon fiziks daga bidiyo kuwa? Ya yi wa ɗaliban shekarar farko gwaji a kan dokokin motsi na Newton, ya nuna musu bidiyo, ya sake gwada su. Rukuni ɗaya sun kalli bayani tsaf, mai tsari, babu kwana-kwana. Suka yaba, suka ce sun gane sarai, ƙarfin gwiwarsu ya ƙaru. Makinsu fa? Cikin tambayoyi 26, daga matsakaicin 6 suka koma 6 da ɗan ɗoriya. Wani rukunin sun kalli bidiyon da aka sa ɗalibi ya faɗi kuskuren da mutane suka saba yi, misali cewa ƙwallon da aka jefa sama yana tafiya ne saboda ƙarfin hannu yana nan yana tura shi, sannan malami ya bi shi da tambayoyi har ya warware. Waɗannan suka ce bidiyon ya ruɗa su. Makinsu kuwa ya kusa ninkawa.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Yaro ba ya zuwa ajin kimiyya da kai fanko. Tun yana rarrafe yake gwaji da duniya, ya riga ya yanke wa kansa hukunci a kan nauyi da zafi da haske da ciwo. Idan bayani ya zo masa sumul, sai ya ɗauka abin da ya riga ya sani ake faɗa, ya gyaɗa kai, hankalinsa ya tafi wani wuri. Sai an taɓo abin da ya yi imani da shi an girgiza shi sannan yake farkawa. Saboda haka fodkas mai daɗin sauraro yana iya zama mafi haɗari, domin yana sallamar ɗalibi da tabbacin da bai cancanta ba. Muller ɗin nan shi ne daga baya ya buɗe tashar Veritasium a YouTube, kuma wanda ya san shirye-shiryensa na farko ya san yakan fara ne da tare mutane a titi su faɗi amsar da ba daidai ba.

Akwai kuma batun tsawo. A 2014 Philip Guo da abokan aikinsa suka bi diddigin kallon bidiyo sau miliyan 6.9 a dandalin karatu na edX, suka tarar cewa duk tsawon da bidiyo ya yi, yawancin masu kallo ba sa wuce wajen minti shida. Sun kuma ga cewa malamin da yake rubutu da hannunsa yana magana kamar hira ya fi riƙe mutane a kan wanda aka shirya wa ɗakin ɗaukar hoto mai tsada. Kallo suka auna, ba fahimta ba, wannan gaskiya ne. Duk da haka wanda ya kafa kyamara a bayan aji ya naɗi darasin minti arba'in ya tura wa yara ya sani cewa shi kaɗai zai kai ƙarshensa.

Mu dawo gida. Koyo da kunne ba baƙonmu ba ne. Mun taso da karatun zaure, da kaset ɗin tafsiri, da rediyo a rataye a kafaɗar makiyayi. Sashen Hausa na BBC tun 1957 yake magana da mu. Nijar ta gwada koyar da 'yan firamare ta talabijin tun 1964, a wasu azuzuwa kaɗan a yankin Yamai. Da annobar korona ta rufe makarantu a watan Maris na 2020, jihohi da dama sun koma ba da darasi ta rediyo da talabijin. Wanda ya zauna da yara a gida a lokacin ya ga inda gizo ke saƙar: darasin ƙarfe goma ne, kuma ƙarfe goma babu wuta, ko an aiki yaro, ko malamin ya wuce wurin da yaron ya ɓace ba kuma hanyar dawo da shi. Fodkas ya magance wannan matsala ta ƙarshe, kuma ba ƙaramin abu ba ne. Ana iya mayar da shi baya sau goma, ba ya gajiya, ba ya tsawa. Yarinyar da kunya take hana ta ɗaga hannu a aji mai mutum tamanin tana iya sa malaminta ya maimaita har ta gamsu.

Maganar tsadar data ma tana da amsa, in dai ba a nace sai an kwaikwayi Amurka ba. Muryar minti goma, in an matse ta, ba ta wuce megabayit biyar, kuma ko ƙaramar waya mai madannai tana kunna ta daga memori. Bidiyo ya fi nauyi nesa ba kusa ba, amma ai fina-finan Hausa da na Indiya ba da data suke shiga yawancin wayoyinmu ba. Masu turi ne a bakin kasuwa, sai Xender da Bluetooth daga waya zuwa waya. Hanyar da ta kai fim mai dogon zango ƙauye za ta iya kai darasin sinadarai. Abin da ya fi data wuya shi ne wayar kanta: ta uba ce ko ta uwa ko ta yaya, kuma ɗiya mace ce ta ƙarshe a layin aro. A makarantun kwana kuwa an hana riƙe waya, da dalili mai ƙarfi. Nan sai dai malami ya kunna wa aji da lasifika, ko a yi kallo rukuni-rukuni da yamma.

Sai a san abin da za a ba kunne da abin da za a ba ido. Murya ta dace da labari da muhawara: yadda Ronald Ross ya gano a 1897 cewa ƙwayar zazzaɓin cizon sauro tana rayuwa a cikin sauro, me ya sa wata yake husufi, hira da ma'aikaciyar asibiti a kan rigakafi. Amma kada wani ya ce zai daidaita lissafin haɗuwar sinadarai da baki kawai, ko ya kwatanta zagayen wutar lantarki ba zane. Wannan na ido ne. Bidiyo kuma ya fi amfani a abin da aji ba zai iya gani ba saboda haɗari ko tsada ko nisa. Farfesa Martyn Poliakoff na Jami'ar Nottingham da abokan aikinsa tun 2008 suke yi wa kowane sinadari na jadawalin sinadarai bidiyonsa. Can yaro zai ga yadda siziyam yake tarwatsewa in ya taɓa ruwa, abin da babu mai hankalin da zai gwada a aji.

Nan ne tsorona yake. Na yi karatu a makarantar da muka san bututun auna ruwan asid a kan allo kawai, malam ya zana shi da alli, ya ce mu rubuta cewa ruwan ya sauya launi. Ranar jarrabawar gwaji ta WAEC ce wasunmu suka fara riƙe shi, hannu yana rawa, ruwa yana zuba fiye da ƙima. Idan bidiyo ya zo ya zama uzurin da hukuma za ta fake da shi ta ƙi sayen kayan gwaji, to an yi gudun gara an faɗa gidan zago. An ce gani ya kori ji, amma a kimiyya taɓawa ta kori gani. Yaron da ya kalli gwaji sau ashirin bai san yadda ake rufe famfon bututu a daidai ɗigon ƙarshe ba, bai kuma san takaicin samun amsar da ta saɓa wa littafi ba, wanda daga nan ne tambayar gaske take farawa.

Abin da nake so in gani shi ne fodkas da zai tashi yaro daga zaune. Malama ta ɗauki minti biyar da wayarta, ta zuba zoɓo a kofi uku, ta tambaya da Hausa: in na matsa lemon tsami a wannan, na jefa kanwa a wancan, me zai faru? Ta ce a tsayar da bidiyon, kowa ya rubuta hasashensa, ya shiga madafa ya gwada. Gobe a aji a yi gardamar dalilin da ya sa ɗaya ya ƙara ja, ɗaya ya rikiɗe ya yi duhu, daga nan a shiga asid da kishiyarsa. Wani ya je marinar Ƙofar Mata a Kano ya ɗauko yadda zane yake fitowa daga ramin baba kore-kore, iska ta buge shi ya koma shuɗi a gaban ido. Babin aikin iskar oksijin ke nan sukutum. Daskarewar nono, sabulun da ake yi da toka, randar da take sanyaya ruwa a tsakiyar bazara, duk darussa ne da babu wanda zai ɗauko mana su daga Nottingham. Bayani da Hausa, sunayen kimiyya kuma a faɗe su a rubuta su yadda za su fito a jarrabawa, tunda da Turanci za a tambayi yaron.

Malaman kimiyya, musamman na makarantu irin su Dawakin Tofa da Dawakin Kudu da aka kafa tun 1977 don wannan fanni, kada ku jira kwangila ko ɗakin naɗar murya. Kowannenku ya san kurakurai uku ko huɗu da ɗalibansa suke maimaitawa duk shekara. A zangon nan ku ɗauki ɗaya, ku naɗa masa minti shida, ku fara da kuskuren, ku gwada yaran kafin su saurara da bayan sun saurara, sannan ku tura wa malamin makarantar da ke kusa da ku.