Michelin, Bridgestone ko ta China: Wace taya ce ta fi shiru, wacce ta fi ƙarko?

Duk wanda ya taɓa shiga mota daga Kano zuwa Kaduna ya san ƙugin nan da ke tasowa daga ƙasa da zarar direba ya taka, har sai an ƙure muryar rediyo. Mutane da yawa na ɗora laifin a kan inji, alhali idan ƙaramar mota ta wuce gudun kilomita 50 a awa, yawancin ƙarar daga taya take fitowa. Shi ya sa masu sayen taya ke yawan tambayar wane kamfani ne ya fi. Amsar ita ce sunan kamfani kaɗai ba ya yanke hukunci, sai an duba samfurin da kuma lambobin da ke jikinsa.

Daga ina ƙarar take fitowa?

Yayin da taya ke juyawa, iska na matsewa a cikin ramukan zanenta sannan ta kuɓuce, haƙoran zanen kuma suna dukan kwalta ɗaya bayan ɗaya. Iskar da ke cikin tayar ma tana amsa amo kamar cikin ganga. Taya mai manyan haƙora, irin ta shiga daji, dole ta fi ƙugi. Don rage hakan, kamfanoni na bambanta girman haƙoran yadda ba za su buga sauti iri ɗaya ba. Wasu kuma na manna soso a cikin tayar: Michelin na kiran fasaharsa Acoustic, Continental na da ContiSilent, Pirelli na da PNCS, Bridgestone kuma B-Silent.

Kowane kamfani da 'ya'yansa

Kamfani ɗaya yakan yi taya mai shiru da mai ƙara. Michelin na Faransa yana da Primacy don tafiya cikin natsuwa, yana kuma da Pilot Sport don masu gudu. Bridgestone na Japan yana da Turanza da Potenza, Pirelli na Italiya kuma Cinturato da P Zero. Tayoyin gudu ana yin su da roba mai kama titi sosai, wadda ke saurin cinyewa. Saboda haka kwatanta Turanza da Pilot Sport ba adalci ba ne, Primacy ce tsararta.

A fannin ƙarko, Michelin ya yi suna. Nazarin da ƙungiyar direbobi ta Jamus, ADAC, ta fitar a 2021 ya nuna tayoyinsa ne suka fi ƙarancin zubar da roba a kan hanya idan aka ɗauki matsakaici. Tayoyin China irin su Triangle, Linglong da Westlake sun fi araha, kuma ingancinsu ya bambanta daga samfuri zuwa samfuri. Lissafin da ya dace shi ne a raba kuɗin taya da yawan kilomitocin da ta yi. A nan ne ake gane ko arahar ta yi ado.

Lambobin da waya za ta taimaka a karanta

Tun 2012 Tarayyar Turai ta wajabta manna takardar bayani a kan sabuwar taya. Daga watan Mayun 2021 aka ƙara mata lambar QR da ake ɗauka da kyamarar waya, ta kai mutum rumbun bayanai na EPREL. Takardar na nuna ƙarfin ƙara da ma'aunin desibel, tare da daraja A, B ko C. Bambancin desibel 3 na nufin ƙarfin sautin ya ninka biyu, don haka tazarar 68 da 71 ba ƙarama ba ce. Sai dai ana auna wannan ƙara ne daga gefen titi, ba daga cikin mota ba. Manhajar auna sauti a waya na iya nuna bambancin tsohuwar taya da sabuwa, matuƙar an gwada a hanya ɗaya da gudu ɗaya.

Ƙarko kuwa tsarin Amurka ne ke nuna shi. A gefen taya akan ga kalmar Treadwear da lamba, misali 300 ko 600. A ƙa'ida, mai 600 za ta ninka mai 300 daɗewa. Amma kamfanoni ne ke ba tayoyinsu wannan maki, don haka ya fi amfani wajen kwatanta tayoyin kamfani ɗaya.

Akwai kuma lambobi huɗu na ƙarshen layin DOT. Idan aka ga 2423, an ƙera tayar a mako na 24 na shekarar 2023.

Tarkon tayar Beljiyam

Tun da Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ma ya daina ƙerawa a Legas a 2008, kasuwar Najeriya ta dogara da tayoyin waje, ciki har da na hannu. Daga cikinsu akwai na lokacin sanyin Turai, masu hoton dutse da ƙanƙara a gefe. Zanensu na iya zama da kyau a ido, amma robarsu mai laushi ce. A zafin Sakkwato ko Maiduguri, inda ake haura digiri 40 a bazara, suna saurin cinyewa kuma birki ba ya kamawa yadda ya kamata. Babban suna a jikin irin wannan taya ba zai ceci kowa ba.

Shekaru ma abin dubawa ne. Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC na gargaɗi kan tayar da ta wuce shekara huɗu da ƙerawa, Michelin kuma na cewa a riƙa duba taya duk shekara bayan ta yi biyar, kada ta haura goma.

Kula ta fi suna

Sabuwar taya na zuwa da zurfin zane kusan milimita 8, kuma idan ya sauka zuwa 1.6 ta gama aiki. Ƙarancin iska na cinye gefunan taya, yawan iska na cinye tsakiya, rashin saitin ƙafa kuma na cinye gefe ɗaya tare da haifar da ƙugi. Adadin iskar da ya dace na rubuce a jikin ƙofar direba, kuma da safe kafin taya ta ɗau zafi ya fi kyau a auna wajen mai faci. Sauya tayoyin gaba da na baya duk bayan kilomita 10,000 na sa su cinye daidai, ko Michelin ce ko Triangle.