Gaskiya ko Jita-jita: Buɗe Kasuwa da Hannun Hukuma

"Ciniki da ƙasashen waje na masu buhu da tirela ne kawai"

Muna faɗin haka ne domin abin da ido ke gani shi ne buhunan masarar Kibiya da shinkafar Rano suna hawa mota. To amma kiran waya da tura kuɗi da sufuri su ma haja ne. Yarjejeniyar cinikin Afirka ta AfCFTA, wadda Najeriya ta sa wa hannu a Yamai a Yulin 2019, ta sa sadarwa da harkar kuɗi da sufuri cikin fannoni biyar da za a fara buɗewa. Mai POS da ke rumfa a tashar Rano yana cikin wannan kasuwa.

"Buɗe kasuwa na nufin gwamnati ta janye hannunta"

Wannan tsoro yana da asali. Waɗanda suka ga tsarin tsuke bakin aljihu na SAP a 1986 ba su manta yadda janye tallafi ya zo da tsadar rayuwa ba, shi ya sa maganar buɗe kasuwa ke tayar musu da hankali. Sai dai tarihin wayar salula ya nuna wani abu dabam. Kafin 2001, layukan NITEL a duk ƙasar nan ba su kai rabin miliyan ba. Hukumar sadarwa ta NCC ce ta yi gwanjon lasisi a Janairun 2001, MTN da Econet kowanne ya biya dala miliyan 285. Ita ce kuma ta wajabta wa kamfanonin haɗa layukansu, ta yadda mai wannan layi zai kira mai wancan. Da Glo ya shigo a 2003 da cajin kira daƙiƙa-daƙiƙa, sauran suka bi dole. Gasar ta yi mana amfani ne saboda akwai alƙalin wasa a fili.

"Da zarar an sayar wa 'yan kasuwa, aiki zai gyaru"

Nasarar waya ce ta haifi wannan zato, har muka ɗauka haka za a yi da lantarki. A Nuwamban 2013 aka miƙa rarraba wuta ga 'yan kasuwa, KEDCO ya karɓi Kano da Katsina da Jigawa. Bambancin yana nan: mai nika a Kibiya zai iya sauya layin waya da yamma, amma wayar wuta ɗaya ce ta ratsa unguwarsu. Inda babu gasa, hukuma ce kaɗai gatan mai biya, kuma sai a 2020 hukumar lantarki ta NERC ta ƙayyade iyakar kuɗin da za a ƙiyasta wa gidan da ba shi da mita.