Haƙorin da Ya Karye: Yadda Gam ɗin Likita Ke Kama Shi

Ya ku iyaye da 'yan kasuwar Ayigya Zango, sau da yawa yaro yakan faɗi a wurin wasa, ko babba ya buɗe kwalba da baki, haƙorin gaba ya ɓantare. Wasu sai su jefar da guntun, wasu su liƙa shi da Super Glue, wasu kuma su nemi a cire haƙorin dungurungum. Alhali likitan haƙori yana iya mayar da guntun mazauninsa, ko ya cike gurbin da farin ciko mai kalar haƙori.

Farin rufin da ke bayan haƙori, wanda likitoci ke kira inamel, shi ne abu mafi tauri a jikin ɗan Adam. Kusan kashi 96 cikin 100 nasa ma'adini ne. Ba shi da jini, ba shi da jijiya, kuma idan ya karye ba ya tsirowa. Ga santsi kamar tangaran, ga yawu kullum a kansa, shi ya sa gam na kasuwa ba ya daɗewa a jikinsa.

A shekarar 1955 wani likitan haƙori a birnin Rochester na Amurka, Michael Buonocore, ya gano mafita. Dabarar ta yi kama da ta mai facin taya, wanda yakan kankare roba ta yi kaushi kafin ya shafa gam. Likita yakan shafa wa haƙorin asid na fosforik mai ƙarfin kashi 37 cikin 100, na daƙiƙa 15 zuwa 30, sannan ya wanke ya busar. Asid ɗin yana narkar da ɗan ma'adinin da ke sama, ya bar dubban ƙananan ramuka da ido ba ya gani. Wurin sai ya yi fari kamar alli.

Daga nan sai a shafa ruwan gam na musamman. Yakan kwarara cikin ramukan nan ya cika su. Sai a haska masa shuɗiyar fitila na 'yan daƙiƙoƙi, ya daskare nan take. Kowane rami ya zama tamkar turke, gam ɗin ya kafa saiwa a cikin haƙori. A kan wannan ne ake ɗora guntun ko cikon.

Babban abokin gaban wannan aiki shi ne yawu. Idan ya taɓa wurin bayan an shafa asid, yakan toshe ramukan, riƙon ya yi rauni. Don haka idan likita ya cusa auduga ya ce kada a rufe baki, a daure a yi haƙuri.

Super Glue kuwa ba don baki aka yi shi ba. Yana iya ƙona dasashi, ya kulle ƙwayoyin cuta a ciki, kuma sai likita ya kankare shi kafin ya fara nasa aikin.

Idan haƙori ya ɓantare, a nemo guntun, a saka shi cikin madara don kada ya bushe. A kurkure baki da ruwa mai tsabta, a je wurin likitan haƙori a ranar, ko da babu ciwo. Akwai sashen haƙori a asibitin KNUST da ke maƙwabtaka da mu, da kuma Asibitin Koyarwa na Komfo Anokye. A tafi da katin inshorar lafiya, a tambayi abin da ya ɗauka kafin a fara.

Bayan gyara, kada a tauna ƙashi ko ƙanƙara da wannan haƙori, goro ma a tauna shi da turame. Goro da shayi suna rina farin ciko, saboda haka a riƙa goge baki safe da dare da man goge baki mai fuloraid.